Sadaka Ce Ko Biyan Bashi? Tsokaci A Kan Koyarwar Katolika Game Da Matalauta

Jama'a masu karatu, ga wata tambaya da nake so mu tattauna a wannan fitowa: idan mai hali ya miƙa wa mabuƙaci mudun masara, kyauta ya yi masa, ko kuwa ya mayar masa da abin da dama can nasa ne? Da jin haka wani zai ce wannan ai neman magana ne, tunda ko ta wace hanya masarar ta zo, ta dai shiga tukunya, yara sun ci sun kwanta. To amma a ganina amsar wannan tambaya ita ce ke nuna yadda mai bayarwa zai ɗauki kansa, da ko mai karɓa zai durƙusa ko zai tsaya a kan ƙafafunsa, da kuma abin da ya kamata mu nema daga hukuma. Ikilisiyar Katolika tana da daɗaɗɗiyar koyarwa a kan wannan batu, kuma ina so in auna ta da ma'aunin Unguwar Romi da maƙwabtanta, wato kudancin kogin Kaduna, domin duk koyarwar da ta kasa shiga lungu ta zama adon kanta kawai.

Inda Talaucin Ya Samo Asali

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya san Romi da Kakuri da Makera da Nasarawa da Sabon Tasha ya san cewa masana'antu ne suka tara jama'a a wannan ɓangare na gari. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, daga baya Arewa Textiles da UNTL da wasu suka biyo baya, har aka riƙa kiran Kaduna birnin masaƙu. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma aka ƙaddamar da ita a 1980. Mutane suka yi ta kwararowa daga kudancin jihar, daga Filato da Binuwai, daga Katsina da Kano da ƙasar Ibo, kowa da ɗan akwatinsa. Mai albashi ya kama haya, mai abinci ta kafa rumfa a bakin ƙofar masaƙa, tela da mai kanti da mai ɗaukar kaya duk suka samu abin yi.

Sai al'amura suka juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da injuna ke sha ya yi tsada, yadi mai araha daga Asiya kuma ya cika kasuwa, galibi ta ɓarauniyar hanya. A 2002 KTL ta rufe, a 2007 UNTL ta dakatar da aiki. Dubban magidanta suka wayi gari babu abin yi. Abin da ya fi ciwo shi ne, tsofaffin ma'aikatan KTL, wadda mallakar jihohin Arewa 19 ce, sun yi shekara da shekaru suna zanga-zanga da kai koke a kan kuɗin sallamarsu, da yawa daga cikinsu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba, suka bar mata da marayu suna bin sawu. Bayan wannan kuma sai ga 'yan gudun hijira daga ƙauyukan Chikun da Kajuru waɗanda 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, suka zo suka raɓe a ɗakunan 'yan'uwa. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta.

Na kawo wannan tarihi ne domin mu ajiye mutum guda a gabanmu yayin da muke magana: dattijon da ya yi shekara ashirin yana tsaye gaban injin saƙa, aka riƙe masa haƙƙinsa, yau kuma ga shi a layi a harabar coci yana jiran a auna masa shinkafa. Shin wannan dattijo mabaraci ne, ko mai bin bashi?

Abin Da Koyarwar Ta Ƙunsa

Tushen koyarwar yana cikin Linjila. A Matiyu sura 25, an nuna cewa ranar shari'a za a auna mutane ne da abin da suka yi wa mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku, kuma Almasihu ya ɗauki abin da aka yi musu a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Magabatan Ikilisiya sun ɗora a kan haka. Ambros, bishop na birnin Milan wanda ya rasu a shekarar 397, ya koyar da cewa ƙasa da albarkarta Allah ya yi su ne domin kowa, saboda haka mai arzikin da ya ba matalauci wani abu yana mayar masa da rabonsa ne. Toma Akwinas, babban malamin ƙarni na 13, ya kai maganar har inda ya ce wanda yunwa ke shirin kashewa, idan ya ɗauki abin da zai ceci ransa, ba a kiran wannan sata.

A zamanin masana'antu kuwa, Paparoma Liyo na 13 ne ya tsara koyarwar a wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, ranar 15 ga Mayu 1891, lokacin da ma'aikatan masaƙu da ma'adinai a Turai ke cikin irin halin da Kakuri ta sani daga baya. Ya amince mutum yana da ikon mallakar dukiya, amma ya kafa sharuɗɗa. Ya ce yardar ma'aikaci kaɗai ba ta halatta albashi, domin wanda yunwa ta tilasta wa karɓar ladan da ba zai riƙe shi ba, an yi masa fin ƙarfi ne ko da ya sa hannu a takarda. Ya ce riƙe ladan ma'aikaci babban laifi ne da kukansa ke kai wa sama. Ya goyi bayan ma'aikata su kafa ƙungiyoyinsu. Ya kuma ce wajibi ne hukuma ta fi mai da hankali ga talaka, dalili kuwa shi ne mai kuɗi yana da hanyoyin kare kansa da yawa, talaka ba shi da su.

Waɗanda suka biyo baya sun yi ta ƙari. Piyus na 11, a 1931, ya kawo ƙa'idar cewa kada babba ya ƙwace aikin da ƙarami zai iya yi da kansa, kada kuma ya yi watsi da ƙaramin idan abin ya fi ƙarfinsa. Babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya yi gargaɗi cewa abin da adalci ya riga ya wajabta kada a miƙa shi da sunan kyauta. Bishop-bishop na Latin Amurka, a tarukansu na Medellin a 1968 da Puebla a 1979, su suka fito da batun fifita matalauta a fili. Yohanna Bulus na 2, a 1981, ya ce aikin ɗan Adam yana gaba da jari, wato inji da kuɗi bayin ma'aikaci ne. Paparoma Liyo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayu 2025, ya bayyana cewa ya ɗauki sunan ne domin tunawa da Liyo na 13, kuma babbar takardarsa ta farko, Dilexi Te, wadda ta fito a Oktoba 2025, a kan ƙaunar matalauta take.

Idan muka tattara wannan duka, amsar tambayarmu ta fito. Dattijon nan na harabar coci mai bin bashi ne har sau biyu. Yana bin waɗanda suka riƙe masa kuɗin sallama, bashin da ke da lissafi a takarda. Yana kuma bin sauran jama'a masu rarar abinci, bashin da ba a rubuta ba amma Allah ya san da shi. Shinkafar da aka auna masa ta rage bashi na biyu, ba ta taɓa na farko ba ko kaɗan. Wanda ya ba shi shinkafa ya yi daidai, amma idan ya yi shiru a kan kuɗin sallamar alhali yana da bakin magana, to ya bar rabin aikin.

Ba sai an faɗa ba, wannan tunani ba baƙo ba ne ga 'yan'uwanmu Musulmi. Zakka haƙƙi ce da aka ƙayyade, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, an kuma fayyace rukunin mutane takwas da za a ba. Mai fitar da ita ba alfarma ya yi wa kowa ba. Haka nan a siyasar Arewa, tun kafa NEPU a 1950 Malam Aminu Kano yake koya wa talaka cewa yana da haƙƙi a kan masu mulki. Saboda haka maganar da muke yi ta gida ce.

Masu Suka Da Hujjojinsu

Koyarwa irin wannan ba ta rasa masu suka, kuma bai kamata a raina hujjojinsu ba.

Na farko sukan ce, fifita matalauta ai son kai ne, ina adalci idan an fifita wani a kan wani? Amsa ita ce, uwa mai 'ya'ya biyar idan ɗaya ya kwanta ciwo, a gefen shimfiɗarsa take kwana, kuma babu mai hankalin da zai ce ta tsani sauran huɗun. Fifikon yana bin girman buƙata ne. Ba a ce talaka ya fi mai arziki tsarki ba, domin a cikin talakawa akwai maƙaryaci da azzalumi kamar yadda suke a ko'ina. An ce ne idan za a yanke shawara, a gida ko a coci ko a majalisa, a fara tambayar yadda za ta faɗa a kan wanda ba shi da garkuwa.

Na biyu sukan ce, yawan bayarwa yana haifar da lalaci da mutuwar zuciya. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa raba kayan agaji ya ga mutumin da ya mai da layi sana'a. Manzo Bulus ma ya tsawata wa masu ƙin aiki a ikilisiyar Tasalonika. Sai dai a lura, koyarwar da muke magana a kai ta fara ne da batun aiki da lada, kafin ta zo kan rabon abinci. Burinta shi ne mutum ya ci guminsa, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matsalar Romi kuwa ba ƙin aiki ba ce. Matar da ke suyar ƙosai tun asuba, da tsohon masaƙin da ya koma gadi ko tuƙa Keke Napep, ba malalata ba ne. Injin ne ya tsaya, su ba su tsaya ba. Wanda ya kira su malalata ya ƙara musu zagi a kan asara.

Na uku, kuma wannan ita ce sukar da ta fi nauyi a wurina, sukan ce agajin coci da masallaci yana ɗauke wa gwamnati nauyi, yana kwantar da fushin da ya kamata ya tashi. Akwai gaskiya a nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Babu baikon ranar Lahadi da zai ciyar da wannan adadi. Paparoma Benedik na 16, a wasiƙarsa ta 2005, ya faɗa ƙarara cewa tsayar da adalci a ƙasa aikin hukuma ne da siyasa, Ikilisiya ba za ta maye gurbinsu ba, amma kuma ba za ta zauna gefe ta zuba ido ba. Shi ya sa ake da hukumar adalci da cigaba da zaman lafiya, wadda aka fi sani da JDPC, a dayosis-dayosis, aka kuma kafa Caritas ta Najeriya a 2010. Duk da haka, ba za a ce wa yaron da ke jin yunwa yau ya jira sai an gyara kasafin kuɗi ba. A ciyar da shi da hannu ɗaya, a ƙwanƙwasa ƙofar hukuma da ɗayan. Inda sukar ta yi daidai shi ne, hannu na farko ya fi sauƙin ɗagawa, domin ana yabon mai shi, na biyun kuwa yana jawo baƙin jini, saboda haka da yawanmu mun zaɓi mai sauƙin.

Talakan Wane Ɓangare?

Yanzu mu zo kan wurin da takalmin ya fi matsa mana a Kaduna. Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, sun raba garin gida biyu. Kiristoci da yawa suka tattara suka koma Romi da Sabon Tasha da Television da Gonin Gora, Musulmi da yawa suka koma Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewacin kogi. Mutanen da suka yi aiki a inji ɗaya a Kakuri, suka ci abinci a rumfa ɗaya, suka zama ba sa kwana a unguwa ɗaya. Daga nan sai tausayi ma ya fara tambayar suna kafin ya buɗe hannu.

Koyarwar Katolika ba ta bar ƙofa ga wannan ba. Labarin Basamariye a Luka sura 10 an gina shi ne a kan gaba tsakanin al'ummu biyu: malaman addinin mutumin da aka yi wa fashi sun wuce shi, wanda ya tsaya ya ɗauke shi ɗan ƙabilar da ake ƙyama ne. Paparoma Faransis ya ɗora wasiƙarsa ta 2020, Fratelli Tutti, a kan wannan labari, ya kuma ambaci cewa ganawarsa da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, a Abu Dabi a 2019 tana cikin abin da ya ƙarfafa masa gwiwa. Tun kafin nan, Yohanna Bulus na 2 ya zo nan Kaduna a ranar 14 ga Fabrairu 1982, ya yi kira ga Kirista da Musulmi su haɗa hannu wajen yi wa jama'a hidima. Idan kuma muna neman Basamariyen zamaninmu, to ga Liman Abubakar Abdullahi na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato, wanda a watan Yuni 2018 ya ɓoye ɗaruruwan mutane, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya tsakaninsu da maharan.

Akwai masu zargin cewa agajin mishan ƙugiya ce da aka sa wa tsutsa, ana ba da magani ne domin a sauya wa mutum addini. Benedik na 16 ya haramta wannan a waccan wasiƙa tasa, ya ce ba a amfani da aikin jinƙai a matsayin hanyar farautar mabiya. Dalilin a bayyane yake: wanda ya ba ka abinci domin ya saye imaninka ciniki ya yi da kai, kuma bashi ba a biyansa da sharaɗi. Asibitin St. Gerard da ke Kakuri, wanda aka kafa a 1957, shekara ɗaya da KTL, ya daɗe yana karɓar majinyata daga kowane ɓangare na gari. Wannan shi ne ma'aunin. Almajirin da ke yawo da roba a Kawo, da marayar da aka koro daga makaranta a Romi saboda kuɗin zango, yunwa iri ɗaya ce ke cin su.

Gyara Kayanka

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Koyarwa mai kyau takan fara kama mai ita. Idan an ce albashi ya isa riƙe iyali, to a fara duba abin da ake biyan katikis da mai gadi da mai shara da malaman makarantu masu zaman kansu, na addini da waɗanda ba na addini ba. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, ko da sunan Allah yake aikin, ya tambayi kansa ko ya kai nan. Haka kuma bukukuwan godiyar kaka da na tara kuɗin gini, inda ake kiran sunan mai kuɗi da lasifika ana tafi, gwauruwar da ta kawo 'yar nairarta kuwa ta zauna a baya kamar mai laifi, sun cancanci a sake dubansu. Sannan ga wata sabuwar al'ada, ta jera mabuƙata a ɗauke su hoto da ƙullin shinkafa a hannu a watsa a Facebook. Mai biyan bashi ba ya kiran mai hoto.

Akwai misalin da ya fi wannan a cikin gida. Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda Frederik Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a birnin Faris a 1833, ta ginu ne a kan ziyarar gida: membobi su je biyu-biyu, su zauna, su saurara, su rufa asiri. Zumuntar Matan Katolika ma ta san wannan hanya, domin su ne ke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki da gadon asibiti. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa wanda ka ɗauka shinkafa yake nema, idan ka zauna da shi sai ka tarar jarin gawayi yake so, ko wanda zai rubuta masa takardar koke.

Rabonmu Mu Marubuta

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwana marubuta, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A yawancin ƙagaggun labaranmu talaka iri biyu ne: ko dai 'yar talakan da wani attajiri zai gani a hanya ya aura, talauci ya ƙare a shafi na ƙarshe, ko kuwa wawan da aka sa domin a yi dariya. A duka biyun arziki kyauta ce da ke saukowa daga sama, talaka kuwa aikinsa jira da godiya. Wannan ita ce ainihin fahimtar da koyarwar nan ta zo ta rushe.

Ina kira gare mu da mu shiga Kakuri da Makera da Romi da littafin rubutu tun tsofaffin masaƙan nan suna da rai. Mu tambaye su sunan injin da suka yi wa aiki, da nawa ne albashinsu na farko, da abin da suka sayar a shekarar da aka rufe ƙofa, da sunan abokin aikin da ya koma ƙetaren kogi ba su sake haɗuwa ba. Mu rubuta su da wayonsu da fushinsu da laifinsu, a matsayin mutane masu magana da bakinsu. Wanda ya rubuta labarin gwauruwar ma'aikacin masaƙa yadda har mai karatu a Kano ko Sakkwato zai tambayi inda kuɗin mijinta suka maƙale, shi ma ya biya wani abu daga cikin bashin. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.